Shekarar da Ruwa ya Ratsa Maƙerar Babana

Na san abin da ake faɗa muku a gari, don ni ma kunnena bai toshe ba. Wai ni Tanko na kori ubana daga maƙerarsa, na sako mata ruwa yana raye, ya yi mini baki, shi ya sa duk cikinku babu wanda ya iya riƙe awartaki. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba: ni na haƙa hanyar ruwan nan da hannuna. Sauran kuwa surutu ne na mutanen da ba a taɓa tambayarsu me za a dafa gobe ba. Shi ya sa na sa aka rubuta muku wannan, ɗiyana, tun ina da sauran numfashi, don ku ji daga bakin wanda ya riƙe dagin.

Kakanku Jatau maƙerin fari ne, aikinsa zubin tagulla: mundaye, ƙarau, zobba. Maƙerarsa tana can ƙasan gari ta wajen tafkin Madarumfa, nesa da rufin ciyawa saboda tartsatsi. A tsakiyarta akwai wani baƙin dutse, uwar maƙera, wanda kakansa ya dasa, kuma kowace shekara sai ya yanka masa jan zakara, don shi kan hanyar iyayensa ya rayu. Ni na kama salla tun ina saurayi, bai hana ni ba, ni ma ban taɓa saka masa baki a nasa ba. A gindin dutsen nan ya koya mini aiki. Ka siffanta munduwa da kakin zuma, ka lulluɓe ta da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, ka shanya, ka gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ka zuba tagulla a gurbinsa. Duk wahalar tana wajen zubawar. In ka karkata kaskon da sauri, narkakken ƙarfen ya yi tofi ya bar ramuka a ciki. In ka yi sanyin hannu, ya daskare a rabin hanya ya ba ka rabin munduwa. Sai ka same shi siriri, bai yanke ba, bai kuma yi gudu ba. Ina da shekara ashirin da ƴan kai hannuna ya kamo nasa, ban faɗa don yabon kai ba, mutanen lokacin sun sani. Abu ɗaya ne Baba ba ya yafewa, shi ne yoyo. In yumɓun ya tsage ɗigo ɗaya na tagulla ya tsere, to ranar ko fura ba za ta yi maka daɗi ba, don zai yi ta maimaita maganar har la'asar.

Bayan yaƙin Nasara sana'ar ta soma yi mana sanyi. Kamyo, wato babbar motar kaya, ya riƙa shigowa ta Ɗan Issa da awarwaro marasa nauyi daga Kano, masu ƙyalli, ƴanmata suka ce su fa ba za su ƙara ɗaure ƙafarsu da kayan nauyi ba. Sai a yi mako biyu ba a hura zugazugi ba. Gidan kuwa ga Baba, ga Inna, ga uwarku Rabi da goyo, ga ƙannen Baba mata biyu da mazansu suka rasu suka dawo da yara. Ni kaɗai ne namiji mai ƙarfi a ciki. Sai na je wurin mai gari na roƙi filin da ke saman maƙera in yi garka, wato lambu. Ya ba ni, amma da sharaɗin da kowa ya sani a bakin tafki: garkar da ta kwana rani biyu a jere ba ta fid da kome ba, a karɓe ta a ba wani, don masu so suna da yawa.

To a nan muka tafka kuskurenmu, kuma kuskure ne da manomi ba zai taɓa yi ba, sai maƙeri. Na tsaya na kalli maƙwabcina Malam Idi yana jan jigo tun safe, yana zuba ruwa a fangali, ruwan yana nutsewa nan take. Na kira Baba na nuna masa. Ya riƙe baki ya ce, wannan ai yoyo ne, mutumin nan rabin wahalarsa ƙasa yake ba. Sai muka yi abin da muka iya. Muka kwashe ƙasar kowane fangali kamu biyu, muka daɓe gindinsa da yumɓun zubi, muka shafe gefensa sumul, sannan muka mai da ƙasar. Ko ɗigo ba ya tserewa. Tokar maƙera da ta taru shekara da shekaru muka kwaso muka barbaɗa a matsayin taki. Shekarar farko da ta biyu albasarmu ta ba mutane mamaki. Rabin gugan da Malam Idi ke ja nake ja, in koma inuwa in miƙe ƙafa ina tsokanarsa.

"Malam, in ka gaji ka zo in ara maka Baba kwana biyu ya toshe maka."

"Tanko," in ji shi, "ƙasa fa ba randa ba ce."

"Ja gugarka dai, Malam, rana tana yi."

Kai, na yi baki a lokacin nan! A shekara ta uku wani fari-fari ya soma fitowa a gefen fangulan, kamar an watsa gari. Ban kula ba. A ta huɗu farin ya rufe ko'ina, ƙasar ta yi ɓawo, in ka taka ta yi ƙaras. Na dasa albasa ta ƙone, na sake dasawa ta sake ƙonewa, ko tumatir bai yi kwana goma ba. Kanwa ce ta taso. Na ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Na ƙara toka, ya ƙara lalacewa. Baba ya yanka zakara ba lokacinsa ba, ni kuma na karɓo rubutu na yayyafa, Inna ta ce ita ta san idon wa ya kama mu, har ta daina gaisawa da matar Malam Idi, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ranin nan ya wuce ba mu ɗebi ko ganye ba. Da zafi ya soma, ɗan aiken mai gari ya zo ya zagaya garkar, ya ce an ce a tuna mini ɗaya ya tafi, saura ɗaya. Na ji tsoro, ɗiyana, tsoro na gaske, don na leƙa rumbu na ga iyakar abin da ke ciki.

Ana cikin haka Agali ya sauka. Agali Buzu ne mai fataucin gishiri, duk shekara sai ya biyo ta wurinmu da raƙumansa ya sayi zobba, kuma kun san tsakanin Buzu da maƙeri babu kunya, sai wasa. Ya tarar da ni tsugune a garka na yi tagumi. Ya tsallako shinge, ya danƙo ƙasar ya ɗanɗana, ya tona da sandarsa har ya taɓo daɓen yumɓun, ya ƙwanƙwasa shi. Sai mutumin nan ya zauna daɓas yana dariya har rawaninsa ya kwance.

"Maƙeri, ashe sana'ata ka shiga ba ka gaya mini ba? Nawa za ka sayar mini da mangala?"

"Agali, yau ba ni da bakin wasa."

"Ni ma da gaske nake. Ka taɓa zuwa inda muke ɗauko gishiri? Haka suke yi sak. Su haƙa rami, su shafe shi da yumɓu kada ya yi yoyo, su zuba ruwa, su bar wa rana. Rana ta sha ruwan ta bar musu gishirin. Wallahi nasu ma bai kai naka kyau ba."

Na ce masa ai ruwan rijiyata mai daɗi ne, ga shi muna sha. Ya ce kowane ruwa da ɗan gishirinsa, harshe ne kawai ba ya ji. Na Malam Idi yana nutsewa ya tafi da shi ƙasa, nawa kuwa shekara huɗu ina tarawa guga bayan guga, ga toka ina ƙara masa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, a ce Buzun da bai taɓa dasa ko barkono ba shi ya karanta mini garkata. Amma kafin ya gama ɗaura rawaninsa na riga na san abin yi. A fasa daɓen, a yi wa ruwa hanyar fita, a bar damina ta wanke ƙasar.

Fasa daɓen kaɗai ba zai isa ba, don kanwar ta yi yawa, kuma can ƙasa akwai laƙa da ba ta shan ruwa da sauri. Dole a kore ta waje zuwa tafki. Na ɗebo ruwa a tulu na riƙa zubawa a wurare daban-daban ina bin sa in ga inda ƙasa ta karkata. Ta gabas garkar Malam Idi ce. Na je na same shi, ya saurare ni har na gama, ya ce ba don tsokanar da na yi masa ba, amma ba zai bari ruwan kanwa ya bi ta cikin albasarsa ba, ko ɗan'uwansa ne. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan ce. Ta yamma tudu ne. Duk inda na zuba, ruwan sai ya lallaɓa ya tsaya a ƙofar maƙera. Sau uku ina sakewa ko zai canza ra'ayi.

Kwana biyu ina ɗauke da maganar kafin in iya kai ta. Na same shi da hantsi yana gyaran zugazugi. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da inda hanyar za ta bi, ta tsakiyar murhu ta wuce gefen dutsen. Bai ɗago ba sai da ya gama ɗinkin da yake yi.

"Ka san abin da ke tsakanin wutar nan da ruwa mai gudu?"

"Na sani, Baba."

"Faɗi in ji."

"Murhun da ruwa ya ratsa ba a sake hura shi."

"Kuma wanda ya gaje shi ba ya sake zubi, ko a nan ko a wani wuri. Wannan ba a gaya maka ba?"

Na ce to a ɗauke dutsen a kai kan tudu, ni zan gina sabuwar maƙera da hannuna. Ya ce dutsen ba ya tashi, inda aka dasa shi nan ne wurinsa. Na ce to ya ba ni garwashi daga murhun tun bai mutu ba in kunna tawa, kamar yadda kowane ɗan maƙeri ke karɓa daga ubansa. Ya ce ba zai ɗebi wuta ya ba wanda zai kashe inda ta fito ba, ko ya ba ni ba za ta yi mini aiki ba. Na jira ya ƙara wani abu. Ya jawo ɗayan zugazugin ya ci gaba da ɗinki.

Gida ya ɗauki zafi. Inna ta tare ni a zaure ta ce in ji tsoron abin da ban gani ba, ta ce ita ta haife ni bayan mata huɗu ba don in zo in tone gidan ubana ba. Ɗaya daga cikin gwaggonnina ta ce a bar garkar ta tafi, Allah ba ya hana bawa abinci. Ɗayar, mai yara uku, sai ta riƙa kallon rumbu. Uwarku kuwa kun san ta, ba ta magana gaban surukai. Sai da na same ta ita kaɗai tana sussuka ta ce mini, ba tare da ta tsai da taɓarya ba:

"Maigida, yaushe rabon a kawo aikin zubi?"

"Tun kafin kaka."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ishe ni. Na auna abin ta kowane gefe. Maƙera tana ba mu suna, amma ta daina ba mu tuwo. Garka in ta tafi ba za ta dawo ba, don na san akwai masu jiran ta. Na yanke shawara, kuma har yau da nake wannan magana ban ce da na sani ba.

Na fara da kankare farin ɓawon nan, mata suka kwashe shi a kwanduna suka kai wa dabbobi lasa. Na bi fangulan ɗaya bayan ɗaya da dagi ina fasa daɓen da muka yi da hannunmu, kuma wallahi mun yi shi da kyau, sai da tafin hannuna ya fashe. Na cakuɗa ƙasar da yashi da ƙaiƙayi da takin shanu, toka kuwa na hana ko ta murhun girki a kawo. Kowane fangali na yanka masa ƙaramin baki zuwa wata babbar hanya da na ja ta tsakiya har ƙofar maƙera. Ranar da zan shiga ciki na kwashe zugazugai da kasake da awartaki na kai ɗakin Baba na jera masa. Da na dawo na tarar da shi zaune a gindin tsamiyar da ke gefe, ya ɗora hannuwa kan gwiwa. Na gaishe shi ya amsa. Na tsaya da dagi a hannu na ɗan lokaci ina kallonsa, shi kuma yana kallon tafki. Sai na ce bismillah na sara murhun. Ƙasar wurin ja ce, ta gasu shekara da shekaru, tana fashewa kamar tsohuwar tukunya. Na ja hanyar ta gefen dutsen ban taɓa shi ba, na huda bangon baya na fitar da ita gangare. Ina yi hawaye na zuba, ba zan ɓoye muku ba. Har na gama bai tashi ba, bai kuma ce uffan ba.

Da ruwan farko ya sauka, a nan ne abin da na koya a maƙera ya yi mini rana. In ka bar ruwan ya wuce kawai, ba ya ɗaukar kome, sai ya zauna ya jiƙa kanwar tukuna. Don haka na toshe bakin kowane fangali da curin yumɓu, na bar ruwan ya tsaya daga safe zuwa azahar. Wajen sakin kuma ga haɗari: in na buɗe duka lokaci guda, hanyar za ta cika ta ɓalle ta afka wa Malam Idi, in na buɗe kaɗan ainun, rana ta riga ni ta shanye. Sai na riƙa buɗe ɗaya ɗaya, ina rage curin da yatsa, ina kallon gudun ruwan kamar yadda nake kallon bakin kasko, siriri, bai yanke ba. Sau ɗaya ya so ya fi ƙarfina ta wajen shingen gabas, na faɗa cikin taɓo na tare da ƙirjina ina ƙwala wa uwarku kira ta miƙo yumɓu. Malam Idi da kansa ya tsallako ya kama mini. Ruwan da ya fita ranar launin ruwan toka gare shi. Uwarku ta lakata ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ko jaki ba zai sha ba. Haka na yi ta yi duk ruwan da aka yi, in toshe, in jira, in saki, in ɗanɗana. Wajen tsakiyar damina ɗacin ya ragu. Kafin gero ya nuna, na kurɓi ruwan a bakin bangon maƙera na haɗiye shi.

Da rani na dasa albasa. Kwana goma ina zuwa da sassafe in duƙa ina duba ganyen ko zai soma ƙonewa daga baki. Bai ƙone ba. Jigo kuwa na ja shi sosai, daidai da na Malam Idi, shi ma bai bar ni na huta da tsokana ba. Ɗan aiken mai gari ya zo ya tsaya a bakin shinge, ya ga kore har ƙarshen fili, ya roƙi ganye na miya ya tafi. Garkar nan ita ta ciyar da mu, ita ta aurar da ku, ita ce kuke ci har yau.

Baba kuwa ya cika maganarsa. Bai sake taɓa kasko ba. Wata mata ta taso tun daga garin Sarkin Yamma da tsofaffin mundayen uwarta a ƙulle, tana so a narke a zuba wa ɗiyarta sababbi, ta ce an gaya mata duk ƙasar nan babu hannu irin na Jatau. Ya karɓa ya jujjuya su, ya gaya mata wanda ya zuba su da irin tagullar, sannan ya ƙulle ya miƙa mata ya ce ta yi haƙuri, an rufe. Ina tsaye a wurin, na rasa inda zan sa idona. Ya koma zama a ƙofar gida yana tufka mini igiyar guga. Mutane suna wucewa suna ganin babban maƙeri da igiya a cinya, daga nan ne maganar da kuke ji ta samo asali. Ni ma kaina, in faɗa muku gaskiya, shekara shida ina zaune da shi ban san ko yana riƙe da ni a zuci ba. Yana cin abin da na kawo, yana amsa gaisuwata, amma maganar maƙera ba ta sake haɗa mu ba.

Sai a ciwonsa na ƙarshe na yi ƙarfin hali. Da rana ne, an fito da shi inuwa kan tabarma, Inna ta tashi ɗauko masa kunu. Na matsa kusa na ce, Baba, ka yafe mini abin da na yi maka. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Me ka yi mini?"

"Maƙera, Baba. Ka hana ni na ƙi ji."

"Ni na hana ka? Yaushe? Tuna dai."

Na tuna. Na bi maganarmu ta ranar ɗinkin zugazugi kalma bayan kalma, na bi zamansa a gindin tsamiya. Ya gaya mini abin da zai biyo baya, ya ƙi ba ni wuta, amma ko sau ɗaya bai ce kada in yi ba.

"Ni ma ina leƙa rumbun nan, Tanko," in ji shi. "Ni ba zan iya sara murhun ubana ba, hannuna ba zai ɗagu ba. Kuma na san ka. Ranar da ka tsaya da dagi kana kallona, da na ce a'a, da ka ajiye. Shi ya sa na kama bakina na kalli tafki."

Gaskiya ya faɗa, ɗiyana. Da ya ce a'a, da na ajiye.